Ke Kurma Ce?

Akwai wani alƙalin wasan ƙwallon kwando a unguwar Luggere da ke Jimeta, sunansa Abednego. Jama'a, Allah ya ba mutumin nan murya. In ya daka tsawa a fili, masu shan shayi a bakin titi sai sun waiwayo. Ya kuma san da haka, shi ya sa yake ji da kansa.

Ƙa'idar aikin ba a ɓoye take ba. In ɗan wasa ya yi ƙeta, alƙali zai busa usur, a lokaci guda ya ɗaga hannu sama a dunƙule, kowa ya gani ya tsaya. Sannan ya je gaban teburin masu rubuta maki ya faɗi kalar riga, ya nuna lamba da yatsu, ya kwatanta irin laifin.

Abednego ya san duk wannan, ƙiwa ce kawai. Hannu a ƙugu zai busa usur, sauran aikin baki ne zai yi: "Kai dogo, na gan ka!" In ba ka tsaya nan take ba, tambayarsa ɗaya ce: "Kai kurma ne?" 'Yan kallo su kwashe da dariya, kansa ya ƙara girma.

A shekarun da rikici ya koro mutane daga Borno, akwai wata yarinya a sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi mai suna Gumsu. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, amma in ta riƙe ƙwallo sai ka saki baki. Wata malamar makaranta, Malama Zipporah, ita take koya wa 'yan matan sansanin wasa.

Abin da mutane ba su sani ba, bom da ya tashi a garin su Gumsu ya kashe mata kunne ɗaya. Ɗayan ma sai wuri ya yi tsit take ji da shi. Da ido take wasa: in ta ga hannun alƙali a sama, ta tsaya. Ta roƙi Malama kada ta gaya wa kowa, don tsoron a ajiye ta gefe.

Sai wata makarantar kwana ta turo mutanenta Jimeta, su kalli wasa su zaɓi yaran da za su ba gurbin karatu. Gumsu ba ta da wata hanyar komawa aji da ta wuce wannan.

Kafin a fara, Malama Zipporah ta matso kusa da Abednego.

"Oga, don Allah yau ka riƙa ɗaga hannu sosai. Akwai dalili."

"Madam, ke za ki koya mini aiki? Je ki zauna."

Ta buɗe baki, ta tuna alƙawarin da ta yi wa Gumsu, ta koma benci.

Wasa ya yi zafi, fili ya cika da ihu. Gumsu ta ƙwace ƙwallo, kafaɗarta ta bugi wata. Abednego ya busa usur, hannu a ƙugu. Yarinyar ta saci kallonsa, ba ta ga hannu ba, ta zarce ta jefa a kwando. Ya ja mata kunne da baki, ita kuwa ta gyaɗa kai ba tare da ta ji komai ba.

Aka sake, ya ba ta laifin raina alƙali. Malama ta miƙe za ta yi magana, ya nuna mata benci da yatsa. Da abin ya kuma faruwa, sai ya tako har gaban Gumsu, ya buɗe muryar nan tasa.

"Ke kurma ce?"

Fili ya ɗauki dariya. Wannan kam ta gane, domin a bakinsa ta karanta. Ya ɗaga hannaye biyu a dunƙule, alamar kora. A duk wasan, ita ce alama ɗaya da ya yi daidai.

Bayan an tashi Malama ta tare shi, idonta jajur.

"Amsar tambayarka, e. Kurma ce."

Ya gane abin da ya yi, amma girman kai ya hana shi bin mutanen makarantar ya ce laifinsa ne. Suka tafi da wasu yaran. Gumsu ba ta sake taka fili ba, makaranta ma shi ke nan.

Shekaru suka wuce. Bara ciwon maƙogwaro ya kama Abednego, aka yi masa aiki. Rai ya tsira, murya ta tafi. Mutumin da ake ji daga titi, yanzu ko ruwa yake so sai ya nuna da hannu. In ya yi alama aka kau da kai, abin na ƙona masa rai, kuma duk lokacin fuskar yarinyar nan yake gani.

Ya nemi Malama Zipporah, ta kwatanta masa wani shagon ɗinki a Rumde. Can ya tarar da Gumsu a kan keken ɗinki, da goyo a bayanta. Ta ɗago, ta gane shi.

"Sannu da zuwa, Baba. Ɗinki ne?"

Ya motsa baki, iska kawai ta fito. Ya nuna tabon da ke wuyansa. Yana da maganar da ya daɗe yana shiryawa, ga shi ba murya, ita kuma ba kunne. Hawaye suka cika masa ido.

Sai dattijon nan ya gyara tsayuwa a ƙofar shago, mutane na wucewa suna kallo. Ya ɗaga hannunsa sama a dunƙule, ya miƙe shi sosai. Sannan ya sauke, ya nuna ƙirjinsa.

Gumsu ta tsayar da keken.

"Na gani, Baba. Na yafe maka." Sai ta ƙara da cewa, "Da ran nan ka ɗaga shi, da na tsaya."

Ta mayar da ƙafarta kan keke, ta ci gaba da ɗinki.

Darasi: Ƙa'idar da kake ganin ƙarama ce a wurin aikinka, wani da ita ya dogara. Yi aikinka cikakke, kuma ka kiyaye bakinka, domin ba ka san abin da wanda kake yi wa ba'a yake ɓoyewa ba. Ana iya yafe maka, amma abin da ka sa mutum ya rasa ba lallai ya dawo ba. Ku tura wa alƙalan wasa, malamai, da duk mai usur a hannu.