Kayan Dubiyar Cindo

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan kama sunansa ba, don kada wani a cikinku ya ce da danginsa nake. Sunansa Nomau, sana'arsa saƙar tabarmar kaba. Ba shi da komai sai rufin asiri. Na can baya, ku bar hira ku saurara.

Da shekaru suka fara ja, sai ciwon suga ya kama shi. Ƙishirwa ba ta yankewa, fitsari ba ya tsayawa, yana ci yana ramewa. Ya je asibitin garin aka ba shi magani, aka ce ya riƙa dawowa. Likita ɗaya ne, marasa lafiya kuwa tuli, bayanin da zai yi maka a tsaitsaye ne. To, a ina Nomau ya koyi zama da ciwonsa? A kan bencin jira, a bakin 'yan uwansa masu ciwon.

Wata tsohuwa, Tabawa, ta ce masa, "Ɗan nan, ba a hana ka tuwo ba. Malmalar za ka raba biyu, ka cike gurbin da ganye."

Wani tsohon direba ya tuɓe takalmi ya nuna masa inda aka yanke masa yatsu. "Malam, kalli nan. Ƙaya ce ta soke ni ban ji ba. Kullum ka duba tafin ƙafarka, ka zazzage takalmi kafin ka sa."

Wani ya ce kada ya rabu da dabino a aljihu, saboda ranar da jiki zai ɗauki rawa gumi ya keto. Wani ya ce kada ya ajiye magani don ya ji sauƙi. Zuma ma, duk da albarkarta, sai da awo. Lemon kwalba kuwa, suka ce ya yi ban kwana da shi. Nomau ya riƙe duka, jikinsa ya dawo, ya koma kan saƙarsa.

Yana da amini, Cindo, maƙwabcinsa, tare aka yi musu kaciya. Shi Cindo Allah ya buɗa masa, ya aurar da 'ya'ya a manyan gidaje. Sai ga ciwon nan ya kwantar da shi, ga kuma wani ɗan gyambo a babban yatsan ƙafa da ya ƙi warkewa.

Kun san halinmu da dubiya. Ba a zuwa hannu biyu. Wannan ya zo da katon ɗin lemo, wancan da madarar gwangwani, mata suna aiko da kunun zaƙi. Aka jera kaya a gindin gado har ba wurin taka ƙafa, kowa yana leƙen abin da wani ya kawo. Nomau ya zo da kwaɗon zogale a ɗan kwano da yalo a hannu. Aka kalli kwanon, aka kalli juna.

Da suka keɓe ya ce, "Cindo, abin da ke gindin gadon nan shi ke ciyar da gyambonka."

Cindo ya ce, "Na sani, Nomau, likita ma ya faɗa. Amma mutum ya tako ya buɗe maka da hannunsa, ka ce ba ka sha? Da wane idon zan kalle shi?"

Ku ji fa. Ya sani! Kara ce ta ɗaure masa baki.

Ran nan surukansa suka zo, manya da manyan riguna, ɗaki ya cika. Babban cikinsu ya ɓalle murfin lemo da kansa ya miƙa. "Daure ka sha, Alhaji, ka samu ƙarfi." Cindo ya karɓa hannu bibbiyu. Nomau yana rakuɓe a bakin ƙofa. Ya san in ya yi magana, ya zubar wa gidan nan da mutunci a gaban surukai. Ya kuma san in ya yi shiru, yana kallo amininsa zai ƙare. Ya tashi, ya durƙusa, ya zare kwalbar daga hannun Cindo.

"Ku gafarce ni, manya. Ciwonmu ɗaya da shi. Wannan abin cutar da shi yake yi."

Surukin ya gyara riga ya ce, "Ashe guba muka kawo." Haladu, babban ɗan Cindo, ya miƙe ya nuna wa Nomau ƙofa.

"Baba Nomau, albarkacin furfurarka, fita. Kai da ka zo da ciyawa, kai ne za ka raina abin arzikin da mutane suka kawo?"

Nomau ya dubi amininsa. Cindo ya sunkuyar da kai. Wannan sunkuyawar ta fi korar yi masa ciwo.

Kafin la'asar magana ta zaga gari. Aka ce marowaci ne, aka ce baƙin ciki yake yi da abin da ake kai wa Cindo, aka ce tun da ya fara zaman bencin asibiti ya ɗauki kansa likita. Masu sayen tabarmarsa suka janye. A masallaci ya miƙa hannu, a ba shi kan yatsu. Bai rama ba, bai kai ƙara wurin kowa ba. Kullum da safe yana zuwa ƙofar gidan da kwanonsa, kullum a dawo masa da shi a rufe.

Gyambo ya ci yatsa, ya hau ƙafa. Aka kwashi Cindo zuwa asibiti, aka yanke ƙafar daga gwiwa. A can ne ya ce a kira masa Nomau. 'Yan dubiya sun ɗauke ƙafa, don warin ɗakin ba kowa ke iya jurewa ba. Nomau ne ke juya shi, shi ke goge masa jiki.

Cindo ya riƙe hannunsa yana hawaye. "Ranar nan da ka karɓe kwalbar, wallahi daɗi na ji a raina. Amma na bari aka kore ka. Ka yafe mini."

"Na yafe tun a ranar," in ji Nomau.

Cindo bai ƙara mako ba ya cika. A zaman makoki aka fito da ragowar katon-katon ɗin lemon daga ɗakinsa aka raba wa masu ta'aziyya, ana sha ana cewa kwana ya ƙare. Babu wanda ya je ya ba Nomau haƙuri, har shi ma ya koma ga Ubangijinsa.

Jama'a, ajali na Allah ne, babu mai musu. Amma abin da hannunka ya miƙa, za a tambaye ka. Dubiya ibada ce, mu kuma mun mai da ita gasa. Muna kai abin da zai fitar da mu kunya, ba ma tambayar abin da jikin mara lafiya zai ɗauka. In za ka je, ka tambaya tukuna, in ya ce ba ya sha, kada ka ɓata rai. Kai mai ciwo, jikinka amana ne, ka buɗe baki ka ce a'a ko da surukinka ne, ka kuma faɗa wa ɗan uwanka abin da ka koya. Wanda ya gaya muku gaskiya mai ɗaci kuwa, kada ku kore shi. A cikin sahun nan akwai wanda mahaifinsa ke kwance da ciwon nan, kayan zaƙi jibge a gindin gadonsa. In an sallame, ya je gida ya kwashe su. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba mu ikon faɗar gaskiya da karɓarta.