Katakon Ƙasan Jirgi

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari na bakin kogi, tun zamanin da babu gada, in za ka ci kasuwar tsallake sai ka shiga jirgi. Sunansa Nomau. Ku saurara da kyau, jama'a, labarin nan ba mai daɗi ba ne, ni kuma ba zan sa masa zuma ba.

Nomau ba yaro ba ne sa'ad da ya fara koyon sana'a. Ambaliya ce ta cinye masa gona shekara biyu a jere, sai ya tashi da gemunsa, ga mata ga 'ya'ya uku, ya je ya durƙusa gaban Bagudu, babban mai haɗa jirage na garin. Shekara bakwai yana ɗaukar katako, yana wasa gizago, yana dafa kwalta har hayaƙi ya rina masa ido. Shekara bakwai, jama'a! Sa'o'in ƙannensa suna aikensa, yana zuwa.

To, garin yana da al'ada. Ranar da za a yaye mai koyo, sai a tara mutane, ya bi sabon jirgi yana ƙwanƙwasa katako ɗaya bayan ɗaya, ya shaida wa mai saye cewa lafiya lau yake. Sannan maigidansa ya miƙa masa gizago, ya sa masa albarka. Wanda ba a miƙa wa gizago ba, ko ya fi kowa iyawa, babu mai sa ƙafa a jirgin da ya haɗa.

A shekarar yayen Nomau, Sarkin Fito ya sa a haɗa masa babban jirgi kafin ruwa ya kawo. Ana cikin aiki katakon maɗaci ya ƙare, saura katako ɗaya na ƙasa. Bagudu ya jawo wani da ƙwari suka cinye cikinsa, waje sumul, ya buga. Nomau ya bari sai da suka rage su biyu, ya rusuna ya ce, "Maigida, katakon nan ba zai ɗauki kaya ba."

Bagudu ya ce, "Kai Nomau, ni nake koya maka ko kai kake koya mini?" Ya ɗauki kwalta da hannunsa ya shafe wurin.

Ranar yaye ta zo. Matar Nomau, Tumba, tun safe ta ɗora tukunyar shinkafa. Nomau ya fara ƙwanƙwasa. Lafiyayyen katako yana amsawa ƙwal, ƙwal. Da ya iso wancan, sai ya ji buf, kamar ka bugi ruɓaɓɓiyar kabewa. Babu wanda ya lura sai shi da maigidansa, don Bagudun ne ya koya masa wannan kunne.

Ku saurara. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da gizago, ya ce lafiya, shi ke nan. Ya tuna shekara bakwai, ya tuna 'ya'yansa. Sai kuma ya tuna ranar kasuwa, yadda mata suke cika jirgi da goyo a baya, babu wadda ta iya iyo. Ya sunkuyar da kai ya ce wa Sarkin Fito, "Ranka ya daɗe, wannan katakon ba zan shaide shi ba."

Bagudu ya miƙe yana huci. Ya ce hassada ce, ya ce ya ciyar da butulu shekara bakwai ga sakayyarsa. Ya mayar da gizagon cikin buhu. Mutane kuma, kun san mutane, suka bi babba. Ko mutum ɗaya bai ce a kankare kwaltar a duba ba. Sarkin Fito ya ce ba za a kunyata dattijo saboda maganar ɗan koyo ba, a kawo masa jirginsa bayan kwana uku. Shinkafar Tumba kuwa, babu wanda ya zo ci.

Kuna jira in ce jirgin ya nutse, ko? Bai nutse ba. Shekara ashirin yana fito. Nomau ya koma mai faci a bakin ruwa, yana cusa tsumma a ɓarakar jiragen wasu, mutumin da ya iya haɗa jirgi tun daga ƙasa har baki. Duk ranar kasuwa sai wani ya leƙo daga cikin jirgin ya ce, "Malam Nomau, har yanzu ba mu nutse ba!" A kwashe da dariya. Abin yana cin ransa, ba zan ɓoye muku ba, har sallar jam'i ya koma sahun baya.

Bayan Bagudu ya rasu, wata rana aka kawo masa wannan jirgin ya yi masa faci. Ya kife shi, ya kankare tsohuwar kwalta. Sai ga lafiyayyen maɗaci a wurin wancan katako, ga ramukan ƙusa biyu-biyu a katakon da ke gefensa, tsofaffi da sababbi. Ashe a cikin kwana ukun nan Bagudu ya canza shi a ɓoye, ya bar Nomau da sunan maƙaryaci.

Tumba ta kawo masa abinci ta gani. Ta fashe da kuka ta ce, "Malam, kira su! Kira su su gani!"

Ya ce, "Mutumin yana kabari, Tumba, kuma shi ya koya mini. Na ce katakon ba shi da kyau, ya canza. Abin da na roƙa ke nan." Ya shafa kwalta ya rufe.

Nomau ya mutu yana mai faci. Sai bayan an binne shi Tumba ta faɗa, lokacin kuwa ba sauran amfani.

Jama'a, gaskiya ba kullum take biyan mai ita a nan duniya ba, ladanta yana wurin Allah. Kai magini da ke rage siminti ka rufe da fenti, kai bakanike da ke mayar da tsohon birki ka ce sabo ne, kwalta kuke shafawa, kuma rayukan mutane ne a ciki. Amma ba ku kaɗai nake nufi ba. Mu nake nufi, masu dariya. Akwai Nomau a unguwarku, wanda ya faɗi gaskiya aka kore shi daga aiki, kuka sa masa suna mai taurin kai. Wataƙila albarkacin bakinsa kuke numfashi yau. Ku je ku gaishe shi tun yana da kunnen ji, kada ku jira sai kun taru gaisuwar mutuwa.