Wurin da Manniru Ya Amsa

Akwai wani makaɗin jita a nan Abuja, sunansa Zakariyya. In kun taɓa cin gasasshen kifi a lambunan shaƙatawa na Jabi, wataƙila kun gan shi. Shi ne mai furfurar nan da ke kusurwa yana ta kiɗa, mutane na hirarsu, ba mai waiwayarsa.

Shekara ashirin da suka wuce, gida ɗaya yake haya a Mpape da wani saurayi mai murya, Manniru, da mahaifiyar Manniru, Inna Lantana, wadda ke sayar wa leburorin fasa dutse abinci. Wata ranar Lahadi suka aro rediyo mai kaset, Zakariyya na jita, Manniru na waƙa, suka ɗauki waƙoƙi shida. Ana tsaka da ɗauka Inna ta ƙwala wa ɗanta kira daga tsakar gida, ya amsa mata, aka yi dariya. Duk kaset ya kwashe.

Daga baya Manniru ya yi suna, masu fiyano suka ɗauke shi, aka bar Zakariyya da jitarsa. Ba su taɓa yin faɗa ba, amma abin ya tsaya masa a rai. Duk wanda ya zauna da shi minti biyar sai ya ji cewa shi ya koya wa Manniru hawa kiɗa.

Bara Manniru ya rasu bayan 'yar gajeriyar jinya. Zakariyya ya je ta'aziyya Jikwoyi, gidan da mamacin ya gina wa uwarsa. Idon Inna ya yi rauni sosai, da murya ta gane shi.

"Zakari, kaset ɗin nan naku na Mpape, yana nan?"

"Yana nan, Inna."

"Ba waƙar nake so ba, waƙarsa ta cika gari. Hirar da ake sawa a rediyo kuma da mutane yake yi, ba da ni ba. Akwai wurin da na kira shi ya amsa mini. Shi nake so in ji, ko sau ɗaya ne."

"In sha Allahu zan kawo miki, Inna."

Da zuciya ɗaya ya yi alkawarin. Amma kafin ya isa gida wani tunani ya shige shi. Waƙoƙi shida da duniya ba ta taɓa ji ba, kuma da jitarsa a ciki! Yau dai za a san waye Zakariyya.

Ya kai kaset ɗin situdiyon wani matashi mai suna Nazeer. Nazeer ya ɗaga shi ya duba a haske, ya girgiza kai.

"Oga, wannan ya sha damina, duk ya yi fumfuna. Sau ɗaya zai juya lafiya, bayan nan ba garanti. Mu kwafe komai da komai a tashi ɗaya."

"Kai, tun ba a haife ka ba nake harka da kaset," in ji Zakariyya. "Waƙoƙin tukuna. Surutun mu dawo masa daga baya."

Da aka gama waƙa ta uku, muryar Inna ta fara tasowa, "Manni..." Zakariyya ya kai yatsa ya danna, kaset ya ruga gaba. Ya ƙagu ya ji waƙa ta huɗu, inda jitarsa ta fi daɗi.

Waƙoƙi shida suka fita ras. Aka mayar da kaset baya don ɗaukar surutun, sai shuuu kawai ake ji. Nazeer ya buɗe rediyon, ya nuna masa wani gari ja-ja da ya zube a ciki. Zaren kaset ɗin ya kankare. Zakariyya ya yi sati biyu yana yawo da shi wurin masu gyara, daga Nyanya har Kaduna. Kowa ya duba sai ya miƙo masa abinsa ya ce ya yi haƙuri.

Da yardar dangin mamacin aka saki waƙoƙin, suka kuma karɓu. Ga sunan Zakariyya ɓaro-ɓaro kusa da na Manniru. A tashar Jabi direbobi na sa su, a lambu masu cin kifi sun fara waiwayowa. Abin da ya shekara ashirin yana nema ya samu, amma wallahi ko abinci ba ya yi masa daɗi. Wata uku yana kewaye hanyar Jikwoyi don kunya.

Ranar da ya je, ya durƙusa gaban Inna ya faɗa mata gaskiya, bai rage komai ba. Ko faɗa ba ta yi masa ba. Shi da ta zage shi ma da ya fi masa sauƙi.

"Allah bai nufa ba," ta ce. "To Zakari, kai da kaset ɗin ya shekara ashirin a hannunka, ai ka ji wurin ya fi a ƙirga. Ni na tsufa, ya ɓace mini. Faɗa mini abin da ya ce. Ka faɗa yadda ya faɗa, zan rufe ido."

Ta rufe idon, ta karkato kunne.

Zakariyya ya buɗe baki. Ya lalubi kansa kaf, babu ko kalma ɗaya. A duk shekarun nan bai taɓa sauraron wurin ba, kullum ya iso nan sai ya danna ya wuce zuwa jitarsa.

"Ina jin ka, ɗan nan," in ji Inna, idonta a rufe.

Hawaye ne kawai ya zubo masa.

Darasi: Idan mai rauni ya roƙe ka ƙaramin abu, ka fara biya masa kafin ka bi ta naka burin. Suna zai iya jira, amma akwai abin da sau ɗaya yake juyawa, in ka danna ka wuce shi ke nan. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai riƙe da alkawarin wata tsohuwa yana ta cewa sai gobe.