Baba Ƙamus da Wayar da Ta Yi Shiru

Akwai wani tsohon malamin Turanci da jikokinsa ke kira Baba Ƙamus. Tun da matarsa ta rasu, gidan ya yi masa girma. Abokin hirarsa ɗaya ne, zauren iyali da ke cikin wayarsa.

To amma Baba ba ya ganin kuskure ya kau da kai. Yara su rubuto Turancinsu na yayi, su "vibes" da "no cap", shi kuwa ya ɗora tabarau ya hau gyara. Jan biro ya yi ritaya, mai shi bai yi ba.

Ranar da babbar jikarsa ta samu aiki, ta rubuto murnarta da irin wannan Turancin. Kowa na yi mata barka, sai Baba ya ce, "Wannan kalmar babu ita a ƙamus. Da ita za ki je ofis?"

Daga nan zauren ya yi tsit.

Ya cika waya da caji, ya sa data, shiru. Ko abinci yake ci, tana gefen kwano. Da kaɗaici ya ishe shi, ya kai ta wurin mai gyara.

"Ɗana, duba min. Saƙo ya daina shigowa."

Mai gyara ya danna nan, ya danna can. "Baba, wayarka ƙalau take. Ba a turo ba ne."

Maganar ta fi mari zafi. Ya koma gida ya kira 'yarsa. Ta ce, "Ka yi haƙuri, Baba. Wani zauren suka buɗe. Sun ce ko gaisuwa za su rubuta, sai su ji kamar jarrabawa."

Ya daɗe yana kallon kujerar marigayiya. Ita ce dama mai ce masa, "Malam, bar yara su sha iska." Hawaye suka zubo masa.

Ya rubuta wa jikar, "Amaryata, barka da samun aiki, ko da na makara. Kalmar nan taki, me take nufi? Koya min."

Can sai ga amsa, doguwa, cike da tsokana da dariya. Tun layin farko Baba ya hango kuskure, har yatsansa ya yi ƙaiƙayi. Ya cire tabarau ya ajiye, ya rubuta, "Ci gaba, ina jin ki."

Darasi: Ilimin da ya kore maka naka ba riba ba ne. Fara taya mutum murna, gyara ya biyo baya. Ku tura wa wani, wataƙila akwai Baba Ƙamus a zaurenku.