Yanar Gizo da 'Yan Aike Uku

An gama cin tuwo an kwashe kwanoni, Iya Tasalla ta miƙe ƙafafu a kan tabarma, jikokinta suka kewaye ta.

"Ga ta nan, ga ta nanku, mai gyangyaɗi ya yi asarar rabonsa."

"Ta zo mu ji ta, Iya, kunnuwanmu a buɗe suke."

A wani gari wai shi Gindin Rimi, zamanin da dabbobi ke cin kasuwa ɗaya, babu sana'ar da ta kai aike daraja. In kana da saƙo zuwa wani gari, na haihuwa ne ko na ciniki, sai ka kira ɗan aike ka faɗa masa, ya haddace, ya ruga ya isar, ka sallame shi da mudun gero. To akwai wasu matasa uku, Barewa da Hazbiya da Zomo, iyayensu da kakanninsu duk da aike suka ci abinci. Shekara bakwai suna koyon gudu da hadda da iya gaisuwa, saura wata ɗaya a yaye su su fara cin gashin kansu.

Rannan Gizo ya tafi Rafin Kanya gaida surukarsa, uwar matarsa Ƙoƙi. Aka kawo masa tuwo, ya tashi da malmala uku, ya suɗe ƙwarya tas. Garin suɗa zaren cikinsa ya maƙale a bakin ƙwaryar, bai sani ba. Ya kamo hanya zare na biye da shi har gida. Da isowa ya jawo ƙwaryar ruwa zai sha, ya ce da tsamin bakin nan nasa, "Ƙoƙi, tuwon uwayki kamay dutse, miya kuma ba gishiyi."

Sai murya ta fito daga cikin ƙwarya, "Dutsen ne ka ci malmala uku, marar ta ido?"

Gizo ya faɗi rigingine. Ƙoƙi ta leƙa ƙwarya ta ce, "Inna, ke ce?"

"Ni ce. Ki gaya wa mijinki na ji shi sarai."

Da wani ne, da kunya ta kama shi. Gizo kuwa tashi ya yi ya karkaɗe jiki ya ce, "Ƙoƙi, yau mun yi ayziki."

Kafin mako ya kewayo ya ja zare daga Gindin Rimi zuwa garuruwa bakwai, ta saman itatuwa, kowane bakin zare da ƙwaryarsa. Shi ke fitar da zare, Ƙoƙi ke ƙullawa. Ka sa baki a ƙwarya ka yi magana, na can ya ji ka nan take, ladan kuwa gyaɗa cikin tafi ɗaya.

Kande, babbar jikar, ta ce, "Iya, ai wannan yanar gizo ce, irin ta wayar Yaya."

"Ni dai tatsuniya nake yi, ban san ta wayarku ba. Ki bar ni in ci gaba."

To, ranar da aka yaye matasan nan uku, suka yi wanka suka fita neman aike. Suka je ƙofar Akuya mai sayar da gishiri. "Hajiya, akwai saƙo?"

"Na tura ta yanar Gizo."

Suka je ƙofar Ɓauna sarkin noma. "Baba, akwai saƙo?"

"Na tura ta yanar Gizo."

Suka je fadar Zaki, dogari bai ma bari sun buɗe baki ba. "Mun tura ta yanar Gizo."

Kwana ɗaya, kwana biyu, wata guda, ko ƙwayar gero ba ta shiga gidajensu ba. Gizo ya hango su zaune jugum a gindin bishiya, ya matso yana shafa tumbi, don gyaɗa ta fara karɓarsa.

"Samayi, me ya yi zafi? Ku zo makayantata in koya muku gudun da ya fi magana sauyi. Kwana uku kawai. Kowa ya kawo kaza ɗaya."

Suka roƙi iyayensu, kowa ya kawo kaza. Rana ta farko Gizo ya ce ƙarfin ƙafa daga noma yake, suka nome masa gona. Rana ta biyu ya ce numfashi daga ɗiban ruwa yake, suka cika masa randuna. Rana ta uku ya ce sauƙin jiki daga hawan sama yake, suka yi masa baibayar ɗaki. Da yamma ya tsinko ganyen gamji uku, ya taka laka ya danna ƙafarsa a kan kowanne.

"Ga shaidayku. Duk inda kuka nuna, aiki ya samu."

Suka ruga wajen Akuya suka miƙa mata. Ta juya ganye ta shinshina, ta tauna na farko, ta tauna na biyu, ta haɗiye na uku. "Allah ya yi muku albarka, dama ban karya ba. Me kuka ce kuna so?"

Nan Barewa ta zauna ta fashe da kuka. Ta ce ita kam gobe za ta bi ta dajin maharba ta tafi neman aiki a wata ƙasa. Zomo ya ce, "Yayanki ya bi ta can bara, har yau ba labarinsa."

"Na sani. Amma zama ba ya ciyar da uwata."

Ashe Gwaggo Kififiya, kunkurun ruwa, na jin su. Tsohuwa ce tukuf, tana sayar da kanwa a bakin kasuwa, ba wanda ya san shekarunta. Ta miƙo wuya ta ce, "Ku matso, 'ya'yan nan. Ke mai kuka, share hawaye. Kun san sana'ata ta fari?"

"Sayar da kanwa, Gwaggo."

"Fito. Shekara arba'in ina haye da jama'a kogi a bayana. Rannan kogi ya ƙafe, kowa ya riƙa wucewa da ƙafarsa. Na yi kuka kamar naki. Da na gaji da kuka na duba ƙasa, sai na ga inda ruwa ya janye kanwa ta fito fara fat. Ga ni nan ina ci da ita har yau. Ku ba ni kwana ɗaya. Gobe kasuwa, ku je ku zauna, ku rufe baki ku buɗe kunne. Kada ku tambayi kowa aiki. Ku saurari abin da jama'a ke ƙorafi a kai, ku zo ku faɗa mini."

Washegari suka yi yadda ta ce. Da la'asar suka dawo, Barewa ta fara.

"Na ji Akuya na mita. Wai ta yi cinikin gishiri da na Rafin Kanya ta yana, an shirya tun makon jiya, amma ba mai kawo mata."

"Murya na ɗaukar buhu?"

"Ba ta ɗauka, Gwaggo."

"To riƙe wannan. Ke fa?"

Hazbiya ta ce, "Zaren Tudun Ƙirya ya tsinke a ƙololuwar rimi, yau kwana tara. Gizo ya yi ƙiba ba ya iya hawa, kullum sai ya ce gobe."

"Riƙe wannan. Kai fa, mai dogayen kunnuwa?"

Zomo ya ce, "Ni dariya na sha. Ɓauna ya ce a kawo masa rago daga Kwarin Giginya, su kuma harshensu daban, suka ji ango. Jiya sai ga saurayi da rawani da 'yan rakiya, Ɓauna kuwa ba shi da 'ya ko ɗaya."

Gwaggo ta yi dariya har ƙoƙon bayanta na rawa. "To kun ga aiki uku kwance a kasuwa, ba mai ɗauka. Sai dai ba ku iya su ba tukuna. Ke Barewa, je ki wajen Jaki ya koya miki ɗaurin kaya."

Barewa ta ɗaga hanci. "Ni, jikar 'yan aiken fada, in durƙusa wa Jaki?"

"Darajar kakanki ta cika miki tukunya jiya?"

Barewa ta sauke hanci, Gwaggo ta juya ga sauran.

"Ke Hazbiya, je ki wajen Ƙoƙi. Kowa na cewa yanar Gizo, amma ƙullin duk nata ne. Kai Zomo, je ka wajen Malam Aku, shi ya san harshen garuruwan nan bakwai. Abin da kuka koya a gida kada ku yar, da shi za ku ɗora."

Koyo fa bai zo da sauƙi ba. Ranar farko Barewa ta yi tsalle da kaya irin na 'yan aike, buhu ya faɗa rafi, gishiri ya narke. Jaki ya ce, "Mai kaya ba ya tsalle, 'yata. Sake." Hazbiya ta yi ƙulli ta haɗa da ƙafarta, ta wuni tana reto har Ƙoƙi ta dawo daga rijiya. Ƙoƙi ta ce, "Haka na fara. Sake." Zomo ya je zai gaida baƙo da harshen Tudun Ƙirya, ashe cewa ya yi kansa ya yi kama da tulu. Malam Aku ya ce, "Ba shi haƙuri, ka sake." Kowace yamma sai su biya wajen Gwaggo su ce sun gaji, ita kuma ta ba su ɗan ƙanzo ta ce, "Gobe ma rana ce." Haka har wata uku.

Sai damina ta faɗi. Matar Zaki ta haihu, aka sa suna kwana bakwai. Ana saura kwana biyu aka yi wata iska da ta tsinke zare bakwai ɗin nan duka. Ba a gayyaci kowa ba, goro da gishirin suna kuma suna can Rafin Kanya. Zaki ya sa aka kirawo Gizo.

"Kai ka kashe mana aike, ka ce yanarka ta isa. Kafin rana ta faɗi ina son a ji gayyata a gari bakwai. In ba haka ba, da kai za a yi miyar suna."

Gizo ya je gindin rimi ya kama hawa. Ya hau taki uku ya zamo. Ya sake, tumbi ya tokare shi, ya zamo. Ya sake na uku, ya faɗo tim a cikin taɓo. Ya zauna yana kiran Ƙoƙi, ita kuwa ta ce ƙulli ta iya, hawa ba nata ba ne.

Gwaggo Kififiya ta dubi matasan ta ce, "Me kuke jira?"

Hazbiya ta tashi fir, ta kama bakin zare ta ƙulla, ta wuce na gaba ta ƙulla, kafin azahar bakwai ɗin sun haɗu. Zomo ya zauna gaban ƙore, ya isar da gayyatar sarki, kowane gari da harshensa, da kirari da gaisuwa irin ta gidan aike, har na can suna tambaya wane ne wannan mai daɗin baki. Barewa kuwa tun safe ta kama hanya, ba tsalle ba tuntuɓe, kafin rana ta yi ja sai ga ta da huhun goro da buhun gishiri, ɗauri tsaf, ko ɗigon ruwa bai taɓa su ba.

Zaki ya yi murna ya ce, "Wa ya koya wa yaran nan aiki?"

Kafin kowa ya yi magana Gizo ya yi wuf ya faɗi gaban sarki. "Yanka ya daɗe, ni ne. 'Yan makayantata ne."

Zaki ya dubi Gwaggo, Gwaggo ta dubi ƙasa tana murmushi. Ya ce, "Madalla. Tunda kai ne malamin, ai ka fi su iyawa. Ɗauki buhun nan ka kai madafa."

Dogarai suka ɗaga buhun gishiri suka aza masa. Buhu ya danne Gizo, tumbin gyaɗa ya baje, sai ƙafafu kake gani ta ko'ina suna motsi. Da ƙyar aka zaro shi, ya lallaɓa ya haye bango ya shige kusurwar ɗaki don kunya. Shi ya sa har yau in kun gan shi a jikin bango za ku ga ya baje kamar an take shi.

Daga ranar Barewa ta zama mai kai kaya gari bakwai, har ta ɗauki ƙannenta aiki. Hazbiya ke duba zare duk bayan ruwa. Zomo kuwa ba a ciniki da baƙo sai yana wurin. Suka haɗa goro da turmin zane suka kai wa Gwaggo, Barewa ta ce, "Yanzu kam mun huta, mun samu sana'ar har abada."

Gwaggo ta ɓare goro ta ce, "Kowace sana'a da ranarta, 'yata. Wannan ma wata rana za ta juya. Ku dai ci gaba da zuwa kasuwa da kunne a buɗe, kuma in kun ga na bayanku zaune jugum, ku kira su kamar yadda na kira ku."

Iya Tasalla ta gyara ɗankwali ta dubi jikokinta ɗaya bayan ɗaya.

"To kun ji. In zamani ya sauya rawa, ba a zama ana kukan tsohon kiɗa. A duba abin da jama'a ke bukata, a sauke girman kai a koya wajen wanda ya iya, ko Jaki ne. Kuma ku kiyayi mai sayar muku da shaida ba tare da ya koya muku komai ba. Ku manyan kuma, Kande, ku riƙa jan hannun ƙannenku."

"Mun ji, Iya."

"Ƙungurus kan kusu. In akwai ƙarya a ciki, ku bi Gizo kusurwar ɗaki ku tambaye shi, ni dai yadda na ji na faɗa."