Kujeru Hamsin a Shagon Mai Agogo

Akwai wani mai gyaran agogo da ke da ɗan shago a ƙarƙashin bene, tsakanin mai guga da mai sayar da takalma. Gwani ne a sana'arsa, wannan ba mai musu. Aibinsa ɗaya ne: yana son a ji shi, amma ba ya son ya saurari kowa.

Matarsa ta rasu, ba su haihu ba, kuma kasuwar agogo ta ja baya tun da waya ta shiga aljihun kowa. Don rage kaɗaici ya buɗe shafi a intanet, duk Talata yana rubuta labarin wani agogo da aka kawo masa. Masu karatunsa na farko ba su wuce bakwai ba. A cikinsu akwai wata tsohuwar nas mai ritaya, wadda ba ta taɓa barin rubutu ya wuce ba ta yi sharhi a ƙasa ba. Takan faro daga agogo ta ɓulle a ciwon gwiwarta. A lokacin yakan amsa mata, har da zolaya.

Ana nan sai wani rubutunsa ya yi farin jini, dubban mutane suka shigo. Daga nan kansa ya kumbura. Ya ga dogon sharhin tsofaffi yana ɓata masa kwalliyar shafi, sai ya saita shi yadda maganar kowa ba za ta fito ba sai ya duba ya amince. Ya ce zai riƙa dubawa. Bai sake leƙa wurin ba. Lambar masu shigowa kawai yake kallo, safe da yamma, kamar mai gadin tukunya a kan wuta.

Wata rana yayarsa ta kira shi a waya ta ce, "Kai dai ka zama rediyo, baki ne da kai ba kunne. Sau uku ina yi maka sharhi, ban ga ko ɗaya ba."

Ya ce, "Yaya, mutum dubu ashirin ke karanta ni. Wa zan amsa wa, wa zan bari?"

Ta ce, "To, Allah ya bar ka da su."

Da rubutunsa ya cika ɗari uku, ya rubuta doguwar godiya ga masoyansa, wadda rabinta yabon kansa ne. A ƙarshe ya sa adireshin shagon, karo na farko, ya gayyaci kowa ranar Asabar ƙarfe goma na safe. Mutum ɗari tara suka danna masa alamar yabo. Ya ɗauko hayar kujeru hamsin, ya sayo lemo, ya share har bakin titi.

Goma ta yi, sha biyu ta wuce. Agogunan bangon shagon duk daidai suke tafiya, babu wanda zai ɗora wa laifi. Mai guga ya leƙo ya ɗauki lemo ɗaya ya ce, "Maƙwabci, ko ranar ka kuskure?"  Mai agogo ya zauna a tsakiyar kujerun nan shi kaɗai, kunya da kaɗaici suka taru suka danne shi.

Wajen ƙarfe huɗu wata mata ta yi sallama. Ta ce, "Baba, kai ne mai shafin? Ni 'yar nas ɗin nan ce da ke yawan yi maka sharhi. Mama ta rasu wata biyu da suka wuce."

Ta kwance wani hankici, ta fito da tsohon agogon hannu. "Na mahaifinmu ne, shi take sawa tun da ya rasu. Bara ya tsaya. Ta ƙi yarda kowa ya taɓa shi sai kai. Ta yi ta tambayarka a shafin inda za ta aiko. Ko a gadon asibiti takan ce in duba ko ka amsa."

Ya karɓa. Ya buɗe bayan agogon, ya ga datti ne kawai ya riƙe shi. Ya goge, ya ɗiga mai. Aikin minti goma. Matar ta kara shi a kunne ta daɗe tana saurare, sannan ta yi godiya ta tafi, ko lemon ba ta sha ba.

Sai a lokacin ya buɗe wurin da sharhi ke jiran amincewarsa. Na tsohuwar kaɗai arba'in da ɗaya ne. Na ƙarshen ya ce: "Ɗana, ko na yi maka laifi ne? In surutuna ne ya yi yawa, ka yafe mini. Ina nan ina karantawa."

Ya yi kuka. Ya rubuta mata amsa, ya san ba mai karanta ta. Sannan ya tashi ya naɗe kujerun hamsin ɗaya bayan ɗaya.

Darasin shi ne, yawan masu kallonka ba shi ne yawan masu ƙaunarka ba. Wanda ya tsaya tare da kai tun kana ƙarami, ka saurare shi, ka amsa masa, ka gode masa yau. Kada ka jira babbar rana, domin ba lallai ta same shi da rai ba.