Koriyar Jakar Marleen

Akwai wani dattijo a nan garinmu na Deventer, sunansa Evert Brinkman, tsohon malamin lissafi. Shekarunsa saba'in da takwas. Matarsa Riet ta rasu shekara huɗu da suka wuce, ya sayar da gidansu ya koma wani ɗan gida a hawa na biyu. Mutum ne mai tsafta da kiyaye lokaci, amma kai, akwai taurin kai! Idan Evert ya ce yau ba za a yi ruwa ba, ko ya jiƙe sharkaf ba zai buɗe lema ba.

'Ya'yansa biyu. Babban, Joost, likita ne a Kanada, sai dai a ji muryarsa a waya. Ƙaramar, Marleen, kafinta ce, shagonta na bayan tashar jirgin ƙasa. Ita ce take zuwa duk Lahadi da tukunyar miya, ta gyara abin da ya lalace, ta sha kofi ɗaya, ta ce, "To Baba, sai wani makon." Ba su faɗa, amma kuma ba su hira.

Evert ya san dalili. Kun dai san yadda muke yi a watan Yuni: ranar da sakamakon jarrabawar gama sakandare ya fito, duk gidan da aka ci sai a kafa tutar ƙasa a bakin ƙofa, a rataya jakar makarantar ɗalibin a kan sandar, duk mai wucewa ya yi barka. Da Joost ya ci jarrabawar shiga jami'a, mako biyu cur tuta na kaɗawa a ƙofar Evert da jakar fata mai ruwan ƙasa, har rana ta koɗar da ita.

Bayan shekara biyu Marleen ta gama makarantar koyon sana'a, ta ci da kyau. Tana ajiye wayar da aka bugo daga makaranta aka faɗa mata sakamako, ta ruga ta ɗauko tuta. Evert ya ɗago kai daga jarida ya ce, "Tutar ƙasa fa ba tsumman shanya ba ce. Don kin koyi riƙe guduma za mu tara wa kanmu 'yan kallo?"

Ta mayar da tutar. Ba ta yi kuka a gabansa ba, ba ta kuma sake ta da zancen ba. Shekara talatin da ɗaya ke nan, maganar na cin Evert a rai, musamman tun da ya ga wace ce take hawa benen nan duk Lahadi. Sau nawa ya buɗe baki zai ba ta haƙuri, sai ya ji kansa yana tambayarta ko ta duba famfon banɗaki.

Duk Laraba da yamma yakan je zauren unguwa, inda tsofaffi ke haɗuwa suna 'yan ƙere-ƙeren hannu. Shugabarsu Truus ce, tsohuwar maƙwabciyarsu a tsohon layi, mace mai baki kamar reza. A watan Afrilu ta tafa hannu ta ce, "Bana kowa zai ƙera ƙofar gidansa yadda take a lokacin zafi, 'yar ƙarama, wadda za ta shiga kwalin takalmi. Da furanni, da tuta, da komai. Farkon Yuni za mu baje kolinsu. Evert, kai ma, ba zama za ka yi kana gyara wa mutane awo ba."

Nan take dabara ta faɗo masa. Zai ƙera ƙofar tsohon gidansu, ya kafa mata tuta, ya rataya jaka. Marleen na gani za ta gane, shi ke nan, ba sai ya furta komai ba. Kun ji wayon mai girman kai: yana son a yafe masa, amma ba ya son ya roƙa.

Ranar Lahadi ya ce mata, "Ko za ki yanka min 'yar ƙofa? Tsawon ɗan yatsa. Irin ta tsohon gida."

Ta ce, "To."

Mako na zagayowa ta kawo ta a aljihun rigar aikinta. Ƙofa ce ta katako mai kyau, an yi mata baƙin fenti mai sheƙi, da 'yar kafar jefa wasiƙa, da lamba goma sha huɗu. Har buɗewa take yi. A ƙasan ƙofar akwai wata 'yar tsaga, daidai inda Joost ya taɓa buga keke yana yaro. Evert ya jujjuya ta a hannunsa, sai ya ce, "Lambar ta ɗan karkace." Ba ta karkace ba, wallahi.

Mako shida yana aiki. Ya yayyanka kwali ya yi bulo ɗaya bayan ɗaya ya shafa jan fenti. Ya yi benci da sandunan askirim, ya lanƙwasa waya ya yi keke ya jingina a bango, ya murza takarda mai laushi ya yi furannin da Riet ke shukawa a tukwane. Tutar kuwa da ƙyalle uku ya ɗinka ta, ja da fari da shuɗi, ya ɗaura a tsinken sakace. Gam na manne masa a yatsu, amma bai haƙura ba.

Sai jaka. Ya yanki harshen wani tsohon takalminsa mai ruwan ƙasa, ya ɗinka 'yar jaka kamar ƙwayar gyaɗa, har da maɗaurin ƙarfe. Da ya rufe ido ya tuna jakar makaranta, ita ce kawai take zo masa. Daga ranar kuma ya riƙa lulluɓe kwalin da tawul.

Truus ta ce, "Me kake ɓoyewa, tsoho? Budurwa ka ajiye a ciki?"

Ya ce, "Ki ji da taki ƙofar, ga ta can kamar ta akurkin kaji."

Ranar baje koli zauren ya cika, ana ta shan kofi da kek. Marleen ta shigo da ƙurar katako a gashinta. Evert ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya yaye tawul.

Ta sunkuya ta daɗe tana kallo. Ta taɓa bencin, ta taɓa furannin, har ta yi ɗan murmushi. Da idonta ya kai kan sandar tuta, murmushin ya ɗauke.

Ta ce, "Jakar Joost."



Ta miƙe ta ce, "Har da maɗaurin. Ka iya aiki, Baba. Kuma ni ka sa na yanka maka ƙofar." Ta ajiye kofinta ba ta sha ba, ta fita.

Lahadi ta zo, Marleen ba ta zo ba. Ya kira ta sau uku ba ta ɗauka ba. Ya zauna a teburin cin abinci da kofi biyu a gabansa har suka huce. Nan ya fara jin tsoro na gaske, don ya ga yana iya mutuwa 'yarsa na ganin da gangan ya yi mata haka sau biyu.

Laraba bai je zaure ba, sai ga Truus ta hau benen tana haki. Ko zama ba ta yi ba.

"Kai wane irin mutum ne, Evert? Abin kunyar shekara talatin bai ishe ka ba, sai ka ƙera shi ka kai gaban jama'a?"

Ya ce, "Tata nake nufi, Truus. Don ita na yi."

Truus ta ce, "Tata? Jakarta koriya ce, ta yadi, mai igiya ɗaya, ta zane ta da biro ko'ina. Shekara huɗu tana wucewa ta gaban tagata da ita. Ni maƙwabciya na sani, kai da ka haife ta ba ka sani ba?"

Wannan magana ta fi mari zafi. Ya yi ta ƙoƙarin tuno jakar, babu. Yana iya faɗin makin da Joost ya ci a kowane darasi, amma abin da 'yarsa ke ratayawa a kafaɗa kullum a gabansa bai taɓa kallo ba. Kunya ta lulluɓe shi.

Truus ta ce, "Ka daina wasa da gam. Baki ke gare ka, ka yi amfani da shi." Ta sauka abinta.

Da yammar nan ya sauka ɗakin ajiya na ƙasa, ya janyo akwatin da Riet ta tara kayan tsohon gida, ko zai samu hoton da jakar ta fito. Ya samu tutar a ƙasa, an naɗe ta da kyau. Tun waccan ranar ba a sake kafa ta ba, Riet takan ce ta ɓata. Da ya ɗaga ta sai ya ji nauyi a ciki.

Ya warware. Jakar ce, koriya, ta yadi, duk zanen biro. A jikin igiyarta an ɗaura wata farar igiya, an yi ƙulli mai kyau da madauki daidai kaurin sandar tuta. Ashe yarinyar tun kafin a bugo wayar ta shirya abinta, saura kawai a rataya. Uwar ta tsince ta ta ɓoye, ita ma ba ta ce komai ba har ta koma ga Allah.

Evert ya zauna a kan akwatin, ya rungume jakar, ya yi kukan da bai yi ba ko ranar binne matarsa.

Mako na zagayowa sakamakon bana ya fito. Gari ya cika da tutoci da jakunkuna. Evert ya ɗaure sandar tuta a jikin kekensa, ya ari na'urar huda bango a wajen maigadin gidansu, ya tura keken har bayan tasha, don ba zai iya hawa da kayan nan ba. Shagon Marleen babu ƙarfen maƙala tuta, shi ya sa ya zo da nasa. Mutumin da bai taɓa buga ƙusa ba ya hau huda bango.

Ƙarar ce ta fito da ita. "Baba! Me kake yi wa bangona?"

Sai ta ga koriyar jakar rataye a wuyansa. Ta tsaya cak.

Wannan karon bai tambayi famfo ba. Ya ce, "Marleen, na zalunce ki. Kin ci jarrabawarki, na raina ki, na hana ki tutarki. Na zo gyarawa kuma na sake ɓatawa, don ko launin jakarki ban sani ba. Ban kalle ki ba, 'yata. Ki yafe min."

Ta kai hannu ta taɓa ƙullin. Ta ce a hankali, "Sau huɗu na kwance shi na sake, don kada ka ce bai yi daidai ba."

Ya ce, "Ya yi daidai."

"Ka makara da shekara talatin da ɗaya."

"Na sani."

Ta share idonta da bayan hannu, ta dubi ramin da ya huda. "Ka ga aikin naka? Wannan shi ne karkacewa. Ba ni nan kafin ka rushe min shago." Ta karɓi na'urar ta huda sabon rami, ta ɗaure ƙarfen tsaf cikin minti biyu, sannan ta ja da baya ta harɗe hannu. "Ratayawar kam kai za ka yi."

Ya sa madaukin a sandar, ya shiga daidai. Ya ɗaga tutar da hannu biyu, ya cusa ta a ƙarfen. Iska ta buɗe ta, koriyar jakar na lilo a sama.

Wata mata mai wucewa a keke, da yara biyu a gaba, ta kaɗa ƙararrawa ta ce, "Barka! Wa ya ci?"

Evert ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji. "'Yata ce! Ga ta nan. Kafinta ce."

Ranar Lahadi Marleen ta hau benen da tukunyar miya. Ta ciro wata 'yar koriyar jaka kamar ƙwayar gyaɗa daga aljihunta, ta rataya a tsinken sakacen tutar 'yar ƙofar nan da ya ƙera, kusa da ta Joost. Da ta shanye kofinta, ta tura masa kofin ta ce ya ƙara mata.

Darasi: Kada ka auna 'ya'yanka da irin takardar da suka samu, ka yi murna da kowanne a kan abin da ya iya, tun ranar da yake jiran murnarka. Idan kuma ka riga ka ɓata, kyauta da dabara ba za su roƙa maka gafara ba, sai ka buɗe baki da kanka tun kuna raye. Ku tura wannan ga iyaye da 'yan'uwa, wataƙila akwai wanda yau ne ya kamata ya ce "ki yafe min."